Injinan Mokbul Mistri

Ranar da Arefin ya fara ganin Tuli, zarto ne a hannunta, kuma kallon da ta yi masa ya fi zarton kaifi.

A ɗakin ƙarƙashin bene ne, a wata kwalejin injiniya ta garinmu Rajshahi, inda ake jibge karyayyun kujeru. Ta share gefe guda ta kafa teburi tana yankan ƙarfe, gyalenta ɗaure a ƙugu. Ƙawarta Jhuma na danne mata ɗaya bakin ƙarfen.

Ya yi sallama, ya miƙa mata wata takarda da aka yaga biyu. Sanarwar da ta liƙa da safe ce, ta neman waɗanda za su shiga sabuwar ƙungiyar ƙera mutum-mutumi.

"A ƙasa na tsince ta," ya ce. "Sunana Arefin, daga sashen kwamfuta. Idan kuna neman wanda zai rubuta wa mutum-mutumi umarni, ga ni."

Tuli ta ajiye zarto. "Arefin Siddik? Na ga sunanka a jerin yaran Rezwan Bhai da suka je Dhaka bara."

"Na bar su."

"Ko dai leƙen asiri aka turo ka?"

"Da leƙen asiri ne, ai da mai gani sosai suka turo," ya ce, yana tura tabarau ɗinsa mai kauri sama.

Jhuma ta kwashe da dariya. Tuli ba ta yi ba, amma ta daɗe tana dubansa, shi ma ya kasa ɗauke kai. Wallahi tun a wannan tsayuwar aka gama da shi.

Bari in gaya muku abin da ya mai da yarinya mai fara'a irin Tanjila, wadda kowa ke kira Tuli, ta koma haka, don har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Mahaifinta, Mokbul Mistri, wato Mokbul mai gyara, ya shekara talatin yana naɗa koyil a wani ɗan shago bayan kasuwa. Fanka ce, injin ban-ruwa ne, injin riksho ne, wato keken hayarmu mai ƙafa uku da batir, duk abin da ya ƙone a kawo masa, ya warware tsohuwar waya ya naɗa sabuwa da hannunsa. Bara, da ƙungiyar kwaleji ke shirin gasar mutum-mutumi ta ƙasa, Tuli tana cikinta, ta roƙe shi ya naɗa musu ƙananan injina huɗu masu juya tayoyi. Ya rufe shago kwana tara ya yi musu, ko sisi bai karɓa ba. Da tafiya ta zo, Rezwan, shugaban ƙungiyar, ya ce babu wurin mace a jirgin ƙasa. Ya kwashi injinan ya bar ta a gida, ya tafi da yaransa, har da Arefin, sabon shiga da ba ta taɓa gani ba.

Ranar gasa Mokbul Mistri ya sa farar riga, ya tara direbobin riksho a shagonsa, ya sa aka kawo musu shayi, aka jingina waya ana kallo kai tsaye. Minti ɗaya da fara wasa hayaƙi ya turnuƙe daga cikin mutum-mutumin, ya tsaya cak. Da aka miƙa wa Rezwan makirufo, sai ya yi murmushi ya ce, "Laifinmu ɗaya ne, mun yarda da injin mai gyaran fanka na bakin titi."

Direbobi suka ajiye kofuna suka zame ɗaya bayan ɗaya. Kafin sati 'yan kwaleji sun mai da maganar abin dariya a waya, sun laƙaba wa dattijon suna Mistri Hayaƙi. Masu riksho suka koma kai injinansu wani wuri. Mutumin da ke raha da duk wanda ya gifta ya koma zama shiru yana kallon titi. Tuli ta rantse sai ta wanke sunan ubanta a zauren da aka ɓata shi, kuma sai Rezwan ya ɗanɗana kuɗarsa. Shi ya sa ta raɗa wa sabon mutum-mutumin suna Bodla, wato ramuwa.

Saura wata huɗu a yi gasa. Wasan bana shi ne mutum-mutumi ya ɗebi ƙananan buhunan yashi, ya hau gangare da su, ya jera a sama cikin minti uku. Suka haɗa gangaren gwaji da tsofaffin ƙyaure biyu. Jhuma ta kama aikin hannun da ke ɗaukar buhu, Tuli jiki da tayoyi, Arefin kuwa yana zaune a kan karyayyar kujera da kwamfuta a cinya, rabin hankalinsa a aiki.

Satin farko Bodla bai san komai ba sai cin karo da bango. Sati na biyu ya ɗauki buhu ya jefi Jhuma da shi a ƙafa.

"Ɗan nan naku ba shi da tarbiyya," ta ce tana ɗingishi. "Ga uwa mai faɗa, ga uba makaho."

"Jhuma, zan ɗaure bakinki da waya," in ji Tuli, amma ta kau da kai don kada a ga fuskarta.

Kullum da hantsi Arefin ya shigo da singara, samosarmu ta dankali, mai zafi a cikin takarda, ya ajiye mata guda biyu a gefen teburi kamar ba shi ba. Da la'asar, idan sun tashi, ya raka ta ta bakin kogin Padma, duk da hanyar gidansu ba ta nan ba ce. Wata yamma ya tura mata saƙo:

"Kyaftin ɗina, na gyara umarnin juyawa, Bodla ba zai ƙara cin karo da bango ba. Ni ne dai har yanzu nake cin karo da kaya idan kin shigo ɗaki."

"Malam Tabarau, ka je ka ga likitan ido."

"Na je. Ya ce ciwon ba a idon yake ba."

"Allah ya sawwaƙe. Gobe ƙarfe takwas, kuma ka dawo min da sukundirebata."

Bayan minti biyar wani saƙon nata ya sake shigowa: "Ka ci abinci kuwa?" A garinmu idan budurwa ta yi maka wannan tambayar, to ka fara neman wanda zai kai maganarka gidansu.

Matsala ɗaya ce. Da injinan kasuwa suke gwaji, kuma Tuli ba ta ga amfanin cin gasa da injin wani ba. Ta sami mahaifinta a shago da rana, yana zaune babu aiki.

"Abba, ka naɗa mana guda huɗu. Da naka nake so in kayar da shi."

"Uwata, ni da 'yan makaranta har abada. Sau ɗaya ake yi wa mai hankali."

"Abba..."

"Kuma yaron nan mai tabarau da ake ganinku a bakin kogi, kada ki zaci ban ji ba, masu riksho ba abin da ke wuce idonsu. An ce ɗan ƙungiyarsu ne. Yana wurin ranar da aka zage ni?"

"Yana wurin, Abba, amma shi ba irinsu ba ne."

"Ya yi magana?"

Tuli ta kau da kai.

"To kada ya taka min ƙofa."

Saura sati biyar aka yi gwajin fili a kwaleji. Bodla ya hau gangare da buhu biyu, da ƙyar da nishi, amma ya hau. Ana cikin tafi sai ga Rezwan da yaransa.

A kwalejinmu wanda ya riga ka shiga ko da shekara ɗaya ne ya zama Bhai. Ka gan shi ka miƙe, ka zare hannu daga aljihu, ka yi sallama. Idan ya ce rana daga yamma take fitowa, ka ce haka ne Bhai. Rezwan kuwa ya gama digiri ya dawo yin na biyu, ga ubansa da gidajen sanyi na ajiyar dankali, har ƙananan malamai shakkarsa suke. Kowa ya miƙe, har Arefin. Tuli ta ci gaba da ɗaure notinta.

"Ƙanwata, yaya Mistri Hayaƙi?" in ji Rezwan. "Bana ma za a yi mana turare?"

"Bana kai za ka shaƙa, Bhai."

Ya yi dariya, ya ciro waya ya kanga mata a fuska. Hoton Arefin ne a durƙushe, hannayensa biyu a cikin mutum-mutumin bara, agogon zaure a bayansa na nuna saura minti biyar a fara wasa.

"Kin dage ba laifin injin ubanki ba ne. To ga hannun da ya taɓa shi na ƙarshe. Ko ubanki ko saurayinki, zaɓi ɗaya, ni dai ba ruwana." Ya dafa kafaɗar Arefin. "Ko ba haka ba, ƙanena?"

Arefin ya sunkuyar da kai kawai. Kai, ji na yi kamar in kwaɗa masa mari da kaina!

A ɗakin ƙarƙashin bene Tuli ta rufe ƙofa ta juyo. "Ina jinka."

"Injinan babanki na batir ɗaya ne," ya ce. "Ya ma rubuta a jikinsu. Da Rezwan Bhai ya ga abokan karawarmu sun fi mu gudu, sai ya ce in haɗa batir biyu a jere. Na ce masa... a'a, ƙarya nake, ban ce masa komai ba. Na haɗa."

"Da ya zagi ubana, kana ina?"

"A bayansa."

"Wata uku kana zaune a kan kujerar nan!"

"Na zo ne don in gyara, Tuli. Na ce gobe zan faɗa, gobe zan faɗa. Sai na kamu da sonki, sai tsoron ya ninku."

"Fita."

Da yamma ya tura mata: "Raina, ki zage ni, ki mare ni, kada dai ki yi min shiru."

Ta mayar masa: "Shiru ai a wurinka na koya. Ubana shekara guda bai yi dariya ba. Rezwan maƙiyi ne, na san da zamansa. Kai kuwa ka zauna kusa da ni kana kallo ina kuka a kan abin da amsarsa ke bakinka. Allah ya isa tsakanina da kai. Kada ka ƙara kirana da wani suna, sunana Tanjila 'yar Mokbul."

Kwana huɗu ba a gan shi a kwaleji ba. A na biyar, da azahar, ya tsaya a ƙofar shagon Mokbul Mistri cikin doguwar riga mai guga, hannu ɗaya da tukunyar alawa ɗaure da zare, irin wadda ake riƙewa idan an je neman aure, ɗaya hannun da tsohuwar jaka. Daidai lokacin Tuli ta iso da abincin mahaifinta, ta tsaya turus a bakin ƙofa.

"Na ce kada ka taka min ƙofa," in ji dattijon.

"Chacha, ba zama na zo yi ba," in ji Arefin, yana kiransa baffa da harshen garinmu.

Ya ajiye tukunyar a kan benci, ya buɗe jaka, ya warware tsohuwar jarida. Injina huɗu ne, baƙi ƙirin.

"Ranar gasar bara na tsamo su daga kwandon shara a zaure. Shekara guda suna ƙarƙashin gadona."

Mokbul Mistri ya ƙura musu ido. Sau uku ya aika a dawo masa da injinan nan bara, ana ce masa an zubar. Ya jawo ɗaya ya kwance, ya ɗaga cikinsa wajen haske, ya shinshina, ya kankare waya da farce. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku da na huɗu.

"Uwata, matso ki gani," ya ce a hankali. "Idan mai naɗi ne ya yi kuskure, wuri ɗaya ke ƙonewa, inda waya ta taɓa 'yar'uwarta. Dubi wannan. Baƙin duk ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma duka huɗun. Wuta aka ɗura musu fiye da cikinsu." Ya dubi Arefin. "Batir nawa?"

"Biyu, Chacha. Umarni aka ba ni, amma da hannuna na haɗa."

Dattijon ya zauna daɓas. "Shekara guda ina ƙirga zagayen waya a kaina, ina neman inda na kuskure. Har na fara yarda hannuna ya tsufa." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa, bai share ba. "Me ya hana ka magana, yaro?"

"Babbana ne a makaranta, Chacha."

"Ni ma na yi ubangida. Shekara bakwai ina ɗaukar masa jakar kayan aiki, ko tari ba na yi a gabansa. Amma da ya ɗora wa wani laifinsa, da a nan na ajiye masa jakar." Ya tura tukunyar alawa da bayan hannu. "Ɗauki kayanka, na san ma'anarta. Ba na ba da 'yata ga wanda harshensa ke aljihun wani. A gaban duniya aka faɗa, a gaban duniya za a warware."

Sannan ya juya wajen 'yarsa, ya naɗe hannun riga. "Kawo min awon tayoyinku, da nauyin buhun."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana naɗi, kuma wannan karon bai rufe shago ba, a bakin ƙofa ya zauna kowa na gani. Tuli ta bar Arefin ya dawo aiki don babu mai iya abin da yake yi, amma ta daina yi masa magana.

"Jhuma, gaya wa mai kwamfuta hannun na saurin sakin buhu."

"Mai kwamfuta, ka ji."

"Jhuma, gaya wa Kyaftin na gyara."

"Ni fa ba gidan waya ba ce! Ku auri juna ko ku kashe juna, ku bar ni in huta."

Ranar da aka ɗaura sababbin injinan, Bodla ya rungumi buhu huɗu ya haye gangare ba nishi ba gargada. Suka maimaita sau hamsin a sati guda, har tafin hannun Tuli ya yi kanta a kan rimot. Ba gudu ne da shi ba, ƙarfi ne. Bayan kowane hawa ta kan ɗora yatsa a jikin injin, ta ji ɗumi kawai, ta gyaɗa kai.

Bana an sami wuri a jirgi, har da na dattijo. Mokbul Mistri ya zauna a layin gaba na zauren gasa a Dhaka, hannuwansa masu tabon wuta a kan gwiwa. Ƙungiyoyi sittin da huɗu ne suka zo daga ko'ina a ƙasar. Bodla ya bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali, kwana biyu, har ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Da aka kira sunan abokan karawa, Jhuma ta damƙi hannun Tuli. Ƙungiyar Rezwan ce.

Nasu sai walƙiya yake, injinansa daga ƙasar waje aka sayo. Ana busa usur ya zabura, ya kai buhu biyu sama kafin Bodla ya gama ɗiba. Yaran Rezwan suka fara ihu, "Hayaƙi! Hayaƙi!" Tuli ko ɗaga kai ba ta yi ba. Bodla ya hau da huɗu, ya sauko, ya sake hawa da huɗu. Lissafi ya juya.

Rezwan ya fizge rimot daga hannun yaron da ke tuƙa nasu. "Huɗu za mu ɗauka mu ma!"

"Bhai, ba zai iya ba," in ji yaron ƙasa-ƙasa, sannan ya tuna da wa yake magana ya ja bakinsa.

Na so a ce hayaƙi ya tashi, wallahi na so. Amma abin da ya faru ma bai yi laifi ba. A tsakiyar gangare tayoyinsu suka kama juyawa a wuri ɗaya, gaban ya ɗaga, ya kife a bayansa, buhuna suka watse, tayoyi huɗu na ta wulwulawa a iska.

An riga an ci wasa, saura daƙiƙa arba'in. Da wata ce, da ta tsaya nan. Tuli ta sauko da Bodla, ta zagaya inda nasu ke kwance, ta tsince buhunan Rezwan ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa, ta hau da su ta jera a kan nata. Alƙalai suka duba littafin doka, ba su ga abin da ya hana ba. Zaure ya kaure da sowa. Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi.

Mai gabatarwa ya miƙa wa Tuli makirufo. Ta miƙa shi gefe, wajen Arefin, ba tare da ta dube shi ba.

Rezwan na tsaye taku uku daga wurin. "Arefin," ya ce, da irin muryar da ke sa ƙananan ɗalibai miƙewa.

Arefin ya dubi makirufon. Gumi ya jiƙa masa riga, tabarau na zamewa a hancinsa. Ya karɓa.

"Bara a zauren nan an ce injin mai gyaran fanka ne ya ƙone mana mutum-mutumi. Ƙarya ne. Injinan na batir ɗaya ne. Rezwan Bhai ya ce in haɗa biyu, ni kuma na haɗa, na tsaya a bayansa ina ji ana zagin dattijon da ya yi mana aiki kyauta, na yi shiru shekara guda saboda tsoro. Injinan da kuka ga sun hau gangaren nan yanzu, hannun nan ne dai ya naɗa su. Sunansa Mokbul Mistri, daga Rajshahi, ga shi can zaune. Chacha, ka yafe min."

Mutane suka fara miƙewa daga layin gaba har baya. Wani tsohon farfesa cikin alƙalai ya sauko ya taɓa injinan Bodla da bayan hannu, ya wuce kai tsaye ya kama hannun dattijon da hannu biyu. Can a garinmu, an ce direbobin da suka taru a wurin mai shayi suna kallo sun kasa haɗa ido da juna.

Rezwan ya juya zai sulale, Tuli ta sha gabansa.

"Bhai, ba a gama ba. Ga shi can."

Ya duba hagu ya duba dama, wayoyi sun fi ɗari a kansa, yaransa kuwa kowa na kallon takalminsa. Ya ja ƙafa har gaban dattijon, ya sunkuya. "Chacha, na yi kuskure."

Mokbul Mistri ya bar shi a sunkuye har sai da bayansa ya gaji. Sannan ya ce, "Idan fankar gidanku ta lalace, ka kawo. Ba na ƙin aiki."

A wasan ƙarshe wasu yara daga Khulna suka kayar da su da buhu ɗaya, suka zo na biyu. Ko a jikinmu. Abin da aka je yi an yi shi.

Washegari a jirgi, Arefin na zaune can ƙarshen tarago shi kaɗai, don tun daga zaure manyan ɗalibai suka daina amsa sallamarsa. Wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Tabarau."

"Na'am, Tanjila 'yar Mokbul."

"Wa ya ce ka kira ni haka?"

"Ke."

"Na janye. Ban gama fushi ba fa, saura kamar na shekara guda, kuma a gidanka zan ƙarasa shi."

"Raina, ki zo da shi duka, akwai wuri."

"Abba ya ce ka taso ka zauna kusa da shi. Yana dariya tun da jirgi ya tashi, kunnena ya gaji."

Bayan jarrabawar ƙarshe, lokacin da mangwaro ya cika gari, iyayen Arefin suka zo da dattawansu, aka sa rana. Katin biki Tuli ce ta tsara shi, sunan mahaifinta da sana'arsa da ruwan zinariya a sama. Na farkon da ya fito daga maɗaba'a ta rubuta sunan Rezwan a jiki, ta sa aka kai masa har gida. Bai zo ba, kuma ba a neme shi ba.

Ranar shafa kurkur, al'adarmu ta gab da ɗaurin aure, Jhuma ta cika tafin hannu ta damalmale fuskar ango har tabarau, ta ce ladan aiken saƙo ne. Ranar ɗaurin aure kuwa riksho arba'in da uku ne suka yi layi a ƙofar gida, an yi musu ado da furanni. Ba wanda ya gayyace su da aikin, su suka ce ba motar da za ta ɗauki 'yar Mistri suna raye. Wasu cikinsu kunya ce ta kawo su, dattijon ya sani, ya sa aka zuba musu shinkafa da nama kamar kowa.

Da aka tambayi amarya yardarta, Tuli mai bakin da ya tsayar da Rezwan sai da aka maimaita sau uku kafin a ji muryarta. Da lokacin tafiya ya yi, ta rungume mahaifiyarta tana kuka, sannan ta faɗa ƙirjin ubanta. Ya daɗe yana shafa kanta. Ya kama hannunta ya ɗora a cikin na Arefin, ya rufe su da nasa hannun mai kaushi.

"Ɗana," ya ce, "ka ƙona min inji huɗu, na zauna na naɗa wasu. Wannan guda ɗaya ce. Idan ka ƙona min ita, ba ni da wayar da zan naɗa irinta."

Arefin ya durƙusa ya kama ƙafarsa yana kuka. Dattijon ya ɗago shi ya rungume.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu kaifin uwarsu da haƙurin kakansu. Ya kuma tsare mu da bakin da ke ɓata sunan mai sana'a, amin.